Gem ɗin jera bulo: yadda za ka hana allo ya toshe maka

Duk wanda makinsa ya tsaya wuri ɗaya a gem ɗin nan na jera bulo, kullum da ya ɗan yi nisa sai allo ya cike ya mutu, maganar da zai fara yi ita ce wai gem ɗin ne ke masa mugunta, da gangan ake turo masa ƙaton bulo daidai lokacin da ba shi da wurin sa shi. Ni dai ban kama wannan maganar ba. Abun da ke kashe yawancin mutane tun can baya ya faru, sa hannu 5 ko 6 kafin mutuwar, lokacin da suka ajiye wani ɗan ƙaramin bulo a tsakiyar fili don kawai wurin ya yi musu kyau a ido. Ƙaton da ya zo daga baya ya tarar an riga an cinye masa wuri ne kawai.

Yanzu a Accra ba inda ba ka ganin gem ɗin, a trotro daga Madina zuwa Circle in motoci sun cushe, a bes ɗin ataya a Nima bayan isha'i, a shagon aski ana jiran layi, har iyayenmu mata a kasuwar Maamobi in ciniki ya lafa, kuma kusan kowa irin kuskure ɗaya yake yi, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abun dalla-dalla.

Ga wanda bai taɓa bugawa ba, abun ba wuya. Ana ba ka allo mai gidaje, a ƙasa a jera maka bulo 3 masu siffa daban-daban, ka ja su da yatsa ka ajiye inda ka ga dama. In layi ya cika daga bango zuwa bango, a kwance ko a tsaye, sai ya fashe ya ɓace ka samu maki. Sai ka gama da ukun nan za a kawo wasu 3. Ba a juya bulo, yadda ya zo haka za ka sa shi, ba agogo da ke korar ka, kuma da zarar ba ko ɗaya cikin na hannunka da ke da wurin shiga toh shikenan an gama. Kakan su duka Tetris ne, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984, amma a can bulo daga sama yake faɗowa kana juya shi yana ƙara gudu, wato wasan saurin hannu ne. Wannan na yanzu an cire faɗowar an cire juyawar. 1010! na kamfanin Gram Games da ke Santambul ta ƙasar Turkiyya ya fito a 2014 da allo mai gida 10 sau 10. Woodoku na Tripledot da Blockudoku na Easybrain 9 sau 9 ne. Wanda ya fi cika wayoyin mutanenmu yanzu shi ne Block Blast! na Hungry Studio, gida 8 sau 8, wato 64 gaba ɗaya, kuma a kan wannan allon zan yi yawancin bayanina.

Matakin farko ba ma a cikin allon yake ba, a wayar yake. Ka zaɓi gem ɗaya ka tsaya a kansa, don ido sabo yake yi da faɗin allo, in yau kana kan mai 8 gobe mai 10 lissafinka zai riƙa ruɗewa. Gem ɗin na tafiya ba tare da intanet ba, kuma in ka kashe data tallan bidiyon nan masu cin bandul da batir suna raguwa sosai, wanda ke da amfani in an yi dumso, wato an ɗauke wuta, kana lallaɓa cajin da ya rage. Sannan in gilashin da ka manna a skirin ya tsattsage ka je kasuwar waya ta Tip Toe Lane ko wajen mai gyaran unguwarku a canza shi, don a gem ɗin nan bulo ya zame gida ɗaya kawai ya isa ya rusa maka aikin minti 20, kuma ba a dawo da shi. Ka lura in ka ja bulo a saman yatsanka yake tafiya ba a ƙarƙashinsa ba, kuma yana nuna inuwar inda zai sauka, layin da zai fashe ma yana haske tun kafin ka saki. Inuwar za ka kalla ba yatsan ba. In ka fasa, ka ja shi waje da allon ka saki zai koma mazauninsa.

Mataki na biyu shi ne wanda in ka riƙe shi kaɗai ma makinka zai tashi: kar ka taɓa ko ɗaya sai ka san inda duka ukun za su zauna. Mutane da an kawo bulo sai su cafki wanda ya fi sauƙi su sa, sai na biyu, sai a na ukun ne za su fara tunani, alhali a lokacin zaɓi ya ƙare. Bulo 3 hanyoyi 6 ake iya jera su, wane ne farko wane ne na biyu wane ne ƙarshe, kuma sau da yawa guda ɗaya ce tak cikin shidan take fitar da kai. Ƙa'idar da nake bi ita ce in duba wanne ne ya fi ƙarancin wurin shiga, shi zan fara nema wa gida a raina, sauran su bi baya. Kamar dai masu lodi a tashar motocin Tamale, buhunan masara ake fara shiryawa sannan ƙananan ledoji su cike saƙo-saƙo, ba wanda ke fara zuba ledoji ya ce buhu ya nemi wuri. Amma nema masa gida a rai daban, sa shi farko daban. Wani lokacin ƙaramin ne zai fara shiga ya fasa layi don babban ya samu hanya.

Bari in ba da misali da abun da na gani da idona a shagon ɗinki na wani abokina a Nima. Ƙaninsa na zaune a kan benci yana bugawa, sai aka kawo masa ƙaton murabba'in nan mai gida 9, da sanda mai gida 4 a kwance, da wani mai karkace irin harafin Z. Ya duba allon ba inda murabba'in zai shiga, sai ya ce, "Yaya, ya mutu fa," yana shirin cusa Z ɗin a filin da ya rage ta hagu don ya ƙara ɗan maki kafin a rufe. Yayan ya ɗaga ƙafa daga kan keke ya leƙo ya ce, "Tsaya ƙanena, kar ka saki, duba layi na 6." Layi na 6 daga sama gidajensa 4 na hagu a cike suke, 4 na dama ba komai, kuma shi ne ya raba filin hagun gida biyu, samansa fili ƙasansa fili. Yaron ya mayar da Z ɗin, ya sa sandar a dama, layin ya fashe, nan take layi na 5 da na 6 da na 7 suka haɗe suka zama fili ɗaya, murabba'in ya zauna daram, Z ɗin kuma ya samu wuri a sama. Da ya fara da Z ɗin nan a inda ya nufa, da sandar ta fasa layin a banza don wurin murabba'in ya riga ya lalace. Bulo ɗaya ne, allo ɗaya ne, jerin kawai aka canza.

Yanzu mu zo kan abun da na fi so mutane su gane, mataki na uku, wato sanin waɗanda ke kisa. Su 3 ne: murabba'i mai 3 sau 3, doguwar sanda mai gida 5 ko a kwance ko a tsaye, sai babban mai kusurwa wanda kowane hannunsa gida 3 ne. Sauran duk ana iya lallaɓa su. Kuma a nan akwai ɗan lissafi da in ka gan shi sau ɗaya ba za ka ƙara kallon allon kamar da ba.

A allo mai 8 sau 8 da ba komai a kansa, wurare 36 ne murabba'in nan zai iya zama. In ka cike gida ɗaya tak a can kusurwa, wuri 1 ka kashe cikin 36 ɗin. In a jikin bango ne wajen tsakiya, 3 ka kashe. In kuwa a cikin tsakiyar allon ne, gida ɗayan nan wurare 9 yake kashewa, kashi ɗaya cikin huɗu kenan na duk damar da kake da ita. Ka ga dalilin da ake cewa a fara daga kusurwa a bi bango, ba wai al'ada ba ce ko don ya yi kyau. Abun bai tsaya nan ba. Ka ƙirga layi na 3 da na 6 daga sama, ka ƙirga layi na 3 da na 6 daga hagu, inda suka gitta juna gidaje 4 ne. Duk inda ka ɗora murabba'i mai gida 9 a allon nan dole ya taka ɗaya daga cikin huɗun nan, ba makawa, ka ɗauki biro da takarda ka zana ka gwada. Ma'ana in gidaje huɗun nan duk a cike suke, ko da sauran 60 ɗin fili ne fetal, murabba'in ba shi da wurin zama. Wannan ne ke faruwa da mutumin da zai nuna maka wayarsa yana cewa cale duba fa, allon rabi ba komai amma an ce na mutu. Saboda haka a kowane lokaci ka tabbata aƙalla ɗaya daga cikin huɗun nan a buɗe yake shi da gidajen da ke kewaye da shi, in 2 ne ya fi.

Sanda mai 5 ma tana da nata. A layi mai gida 8 wurare 4 kawai za ta iya kwanciya, kuma duk huɗun sai sun bi ta gida na 4 da na 5. Kenan in gida na 4 ko na 5 a cike yake a layi, wannan layin ya fita daga lissafin doguwar sanda ko da sauran gidaje 7 ba komai. Wanda ke gina abu a tsaye ta tsakiyar allo yana yanke wa kansa hanyar sandar kwance a duk layukan da ginin ya ratsa, bai sani ba.

Daga nan sai al'adar da nake so ka ɗora wa kanka. Kafin ka saki bulo na uku, wanda daga shi za a kawo sababbi, ka tsaya ka yi wa allon tambaya 3: in murabba'i ya zo ina zai zauna, in sanda mai 5 ta zo a kwance ina, in a tsaye ta zo ina. In amsar ɗaya babu ce toh ka sake neman wani wurin da za ka sa na hannunka, ko da wurin bai kai na farkon kyau ba. Da farko zai yi maka kamar ɓata lokaci, daga baya ido da kansa yake yi cikin daƙiƙa 2.

Mataki na huɗu, yadda ake gini. Ka zaɓi kusurwa ɗaya, a ce ta ƙasa hagu, ka riƙa tara kaya a can kana manna kowane bulo da bango ko da ɗan'uwansa, ɗaya ɓangaren kuma ka bar shi fili guda babba. Fili guda mai gida 20 ya fi filaye 4 masu gida 8-8 amfani nesa ba kusa ba, duk da na biyun ya fi yawa a ƙidaya. In kana neman wurin ajiye bulo ka zaɓi inda gefunansa suka fi taɓa wani abu, in ya taɓa ta ɓangare 2 ko 3 ya yi, in yana tsaye shi kaɗai ba abun da ya taɓa ka sake tunani.

Babban abun gudu shi ne rami mai gida ɗaya wanda aka kewaye ta ko'ina. Allon layuka 16 gare shi, 8 a kwance 8 a tsaye, kuma ramin nan guda ɗaya yana kulle 2 a lokaci guda, na kwancen da yake ciki da na tsayen. In ka yi ramuka 4 a warwatse kowanne a layinsa, ka kulle layuka 8, rabin hanyoyin fashewarka kenan. Kuma zaman jiran bulo mai gida ɗaya ya zo ya cike shi ba dabara ba ce, ba kullum yake zuwa ba. Maganin rami shi ne ka fasa layin da ke maƙwabtaka da shi, na samansa ko na ƙasansa ko na gefensa, da wannan ya tafi bakin ramin ya buɗe sai ya zama wani bulo na iya shiga da ƙafarsa ɗaya.

Masu haifar da ramin nan yawanci masu karkacen nan ne, Z da ɗan'uwansa mai kama da S. A kan wuri mai santsi ba sa zama lafiya, matakala suke so, don haka yana da kyau ka bar ɗan tudu mai hawa ɗaya a wani gefen gininka saboda su. In dole sai a kusurwa, ka duba ƙafar da ke taɓa ƙasa, ita ce za ta shige cikin kusurwar. Z na kwance wanda ƙafarsa ta ƙasa ta karkata dama, kusurwar ƙasa ta dama ce tasa, in ka kai shi ta hagu zai rufe gidan kusurwar ruf ya bar maka rami. S kuma akasin haka.

Sai giɓin da kake bari a layi. In layi ya kusa cika, faɗin giɓin da ya rage shi ne ke nuna bulo nawa za su iya fasa shi. Giɓi mai faɗin gida 1 mai zurfi sanda a tsaye kawai yake jira, in ba ta zo ba kana nan. Amma ka gina gidaje 5 na hagu a layuka 3 na ƙasa ka bar 3 na dama a buɗe, ka ga abun da zai faru: murabba'i ya zo ya fasa layi 3 lokaci guda, mai gida 6 a kwance ya fasa 2, sanda mai 3 ta fasa 1, babban mai kusurwa ma ya fasa 1. Ƙaton da kowa ke tsoro ya koma shi kake addu'ar ya zo. Wannan shirin ni shi na fi yarda da shi a allo mai 8.

Wani abun da waɗanda suka saba da Tetris ke mantawa, a nan in layi ya fashe abun da ke sama ba ya faɗowa, yana nan a rataye inda yake. Saboda haka kafin ka fasa ka duba me zai rage. In ka sa mai kama da T, gidajensa 3 suka tafi da layin, ɗan kan nan guda ɗaya zai tsaya shi kaɗai kamar tsibiri, toh a ina zai tsaya? In a jikin wani gini ne ba matsala, in kuwa a kan ɗaya daga gidaje huɗun can ne da na faɗa, fashewar ta ci maka fiye da abun da ta ba ka. Kuma kar idonka ya tsaya a layukan kwance kawai, yawancinmu haka muke, layin tsaye na iya rage gida 2 ya cika mutum bai ma gani ba. Lokaci-lokaci ka bi allon da ido daga sama zuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Inda na kwance da na tsaye suka haɗu duk suna jiran gida ɗaya, bulo guda zai kwashe su tare, kuma irin wannan fashewar ita ta fi buɗe allo.

Toh sai maganar kombo, mataki na biyar, wanda da gangan na kawo shi baya don mutane shi suke fara bi su mutu da wuri. In ka fasa layi ka sake fasa wani nan kusa, kombo na hawa, kuma makin kowace fashewa na ƙaruwa da hawansa, duk manyan makin da kake gani ana sawa a sitatus na WhatsApp daga nan suke fitowa ba daga yawan bulon da aka ajiye ba. Kowane gem da irin haƙurinsa kafin ya yanke kombon, wani da ka sa bulo ɗaya bai fasa ba ya yanke, wani yana ɗaga maka ƙafa kaɗan. Ka gwada naka da gangan, ka fasa, ka sa ɗaya ba fashewa, ka sake fasawa ka ga ko lambar ta ci gaba ko ta koma farko, sannan ka gwada da 2. Da ka san iyakar sai ka yi shiri a kanta. Dabarar riƙe kombo ita ce ka tanadi layuka 2 ko 3 da suka kusa cika amma giɓinsu ba iri ɗaya ba, wannan na jiran gida 2, wancan 3, wani na tsaye na jiran 1 ko 2, yadda kusan duk abun da aka kawo zai samu wanda zai fasa, kuma kana fasa ɗaya kana ciyar da wani gaba da sauran bulon. Wani lokacin ma gara ka fasa su ɗaya-ɗaya a jere da ka kwashe su duka lokaci guda ka bar allo wayam ba abun fasawa a zagaye na gaba. Amma fa in riƙe kombon zai sa ka rasa wurin murabba'i, ka bar shi ya yanke. Kombo ana sake gina shi, allon da ya mutu kuwa daga sifili za ka faro.

In abu ya riga ya cakuɗe, allo ya kusa cika, a nan ne ake gane wanda ya iya. Ka ajiye maganar maki gefe. Ka ƙirga wa kowane bulo wuraren da zai iya shiga, in akwai mai wuri ɗaya tak toh wannan wurin haramun ne ga sauran biyun. Ka nemi fashewa ko wace iri, amma in kana da zaɓi ka fifita layukan tsakiya, daga na 3 zuwa na 6, don su ne ke haɗe filaye biyu su zama ɗaya, layin jikin bango in ya fashe siririn wuri kawai yake bari. A irin wannan halin ko rami ka yarda ka yi in dai zai buɗe maka tsakiya. Kuma ka rage gudu. Akwai wata gwaggona mai sayar da atamfa, ita in allonta ya matse sai ta kife wayar a kan tebur ta sallami mai saye, ta ninke yadi, ta dawo ta sake dubawa. Na ce mata, "Gwaggo, ba za ki sa ba ne?" ta ce, "Ɗana, wa ke kora ta?" Makinta ya fi na samarin layin da yawa, don in ka ɗauke ido ka dawo kana ganin wurin da ɗazu ba ka gani ba.

In an mutu kuma, kafin ka danna sabon wasa ka ɗauki hoton skirin. Ka duba bulon da ya kashe ka, ka duba allon, ka nemo gidan da in da babu shi da ya shiga, sannan ka tuna wane bulo ne ya kawo wannan gidan kuma ina kuma za ka iya sa shi a lokacin. In ka tara hotunan nan za ka ga kusan abu ɗaya ke maimaituwa, wani kullum sandar tsaye ce ke kashe shi don a kwance kawai yake tunani, wani kuma ramuka ne. Abun da ya fi fitowa a naka shi za ka sa wa ido a wasa na gaba, shi kaɗai, kar ka ce za ka gyara komai rana ɗaya.

Akwai maganar da ba ta shafi iya wasa ba amma ba zan tsallake ta ba don tana damuna. Za ka ga tallan wasu gem masu kama da wannan ana nuna kuɗi na zuba, wai ka fasa layi a turo maka sidi ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya. Dan Allah ku ja kunnen ƙannenmu da iyayenmu mata a kan wannan. Duk gem ɗin da ya ce ka tura wani abu kafin ka cire abun da ka ci, ko ya nemi lambar sirrinka ta MoMo, ko lambar da aka turo maka ta tes, ka goge shi nan take. Lambar sirrin nan ba wanda ake ba wa. Sannan shi wasan ba shi da ƙarshe, ba inda za a ce ka gama, don haka kai ne za ka sa masa iyaka. In an kira salla ko aiki ya taso ka fita kawai, yawancinsu suna ajiye maka allon yadda ka bar shi.

Wanda hannunsa ya faɗa a allo mai 8 in ya koma mai 10 zai ji kamar an buɗe masa taga, don a can sai an cike gidaje 9 kafin a iya toshe wa murabba'i duk wurarensa, ba 4 ba, kuma sanda mai 5 guda 2 suna cike layi cif, sai dai layin ya fi daɗewa kafin ya cika saboda haka kar ka buɗe layuka da yawa lokaci guda. Mai 9 sau 9 kuma wani abu ne daban, don bayan layin kwance da na tsaye an raba allon zuwa akwati 9 masu 3 sau 3 irin na sudoku, kuma kowane ɗaya in ya cika shi ma fashewa yake yi. A can kafin ka saki bulo ka duba ko ya tsallaka iyakar akwati, don wanda ya zauna cikin akwati ɗaya yana matso da shi kusa da fashewa, wanda ya raba ƙafa a akwati 2 ko 3 kuwa duk ya ɓata su ba wanda ya cika. Ka fara da akwatunan kusurwa, na tsakiyar ka bar shi a buɗe iya yadda za ka iya, don duk wani bulo mai faɗi da zai ratsa allon ta nan yake bi.